Ranar da Munkaila Mai Inji Ya Ji Humaira

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan tashar da motocin siminti ke tsayawa a Malbaza ya san Munkaila. Ko bai san sunan ba ya san mutumin: dogo, siriri, girarsa da gemunsa sun yi fari tun furfura ba ta yi niyyar zuwa ba, don gari ya riga ta. Mutumin wajen Bazaga ne. Yana saurayi ya taho neman aiki a kamfanin siminti, ya iske masu nema sun fi guraben yawa. Wani tsoho mai injin niƙa ya ce ya zo ya riƙa kama masa kafin Allah ya kawo. Tsohon ya rasu, injin ya gaji an sake wani, shi ma ya gaji an sake, Munkaila na nan inda yake. Shekara ashirin da bakwai ke nan.

Matan unguwa na son niƙansa. Da ganin kwano ya san mai shi, ya san wadda ke son gari mai laushi na fura, ya san wadda in ba a bar mata ɗan tsaki-tsaki ba sai ta dawo da faɗa. Abu ɗaya ne dai: in za ka yi masa magana sai ka tsaya gabansa ka buɗe murya. Kowa ya ɗauka ƙarar inji ce, shi ma haka ya so a ɗauka. To amma inji yakan yi shiru da yamma, kunnen kuma ba ya dawowa. Yana jin ganga, yana jin tsawa, yana jin babbar mota tun tana bayan gari. Maganar mutane ce ke zo masa kamar ana yin ta cikin tulu, balle muryar mata. Ya iya abinsa: ya kalli baki, ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Da madallar nan ya yi shekara biyar yana fita kunya, kuma matarsa Umma kaɗai ta san zancen.

Cikin 'ya'yansa akwai ta uku, Humaira, wadda tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa. Ya bar ta a lakwal har inda karatun ya kai ta, kuɗin niƙa tiya-tiya suka yi mata littafi da takalmi. Yau ga ta a Yamai, a wani gidan talabijin mai zaman kansa, tana gabatar da shirin Hausa kan sana'o'in mutane kowace Lahadi bayan la'asar. Ranar da aka fara nuna ta, Munkaila ya kashe inji tun azahar, ya yi wanka, ya sa riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna gaban tele. Ga Humaira nan da mayafinta ruwan ƙasa, ga hannun nan da take ɗagawa in ta ɗauko magana, irin na uwarta sak. Bakinta na motsi. Abin da ya isa kunnensa bai wuce gunaguni ba.

Ya ƙara murya har ƙarshe, telen ta riƙa kakari. Ita telen irin siraran nan ce kamar faifai, 'yan sifikokinta na baya suna kallon bango. Bai ƙaru da komai ba sai ciwon kai.

Daga nan suka yi tsari shi da Umma. Ita ta saurara, in an gama ta matso kusa da kunnensa na hagu ta ba shi labari a taƙaice. Can sai waya ta yi ƙara, Humaira ce. A waya yana jin ta, don yakan danna wayar a kunne kamar zai cusa ta ciki, ita kuma da ma da ƙarfi take yi masa magana.

"Baba, ka gani?"

"Na gani, ɗiyata. Madalla. Zancen masu jima nan ya yi kyau ƙwarai."

Haka aka yi wata takwas. Sau ɗaya ne kawai Umma ta tafi suna Illela ta bar shi shi kaɗai da tele, ya kuma lallaɓa da madallarsa ya wuce, ko dai haka ya zata.

Sai wata Lahadi, bayan sun gaisa, Humaira ta ce, "Baba, mako mai zuwa shirinku ne. Masu injin niƙa zan yi. Na zagaya injuna huɗu nan Yamai. Ina son ka saurara da kyau, in na kira ka gaya mini duk inda na yi kuskure. Kai ne malamina a wannan."

Ya ce to. Ya ajiye waya, ya zauna ya yi tagumi.

Umma ta ce, "Mi ya faru, Malam?"

Ya gaya mata. Ta ce ai ba komai, za ta saurara ta faɗa masa kamar kullum.

"Ke mi kika sani ga inji? In ta ce an matse dutse ko an sassauta, ke duk ɗaya ne gare ki. Yarinyar ga tambaya za ta yi mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar nan asirina zai tonu." Sannan ya faɗi abin da ya fi cin sa. "Kuma ni, Umma, so nike in ji ta da kunnena. Ko sau guda."

Wani direban motar siminti da ke shan shayi kusa da injin ne ya ba shi labarin ampili. Ya ce akwati ne da ake haɗawa da tele, ya karɓi sautin ya raba wa sifikoki, ɗaki ya koma kamar gidan silima. Ya ce Konni cike take da su. Munkaila bai taɓa sayen abin sauti da ya wuce rediyo mai batir ba. Yana da bunsuru guda da yake kiwo a bayan gida, ya sayar da shi ranar Talata, ya ƙulle kuɗin a aljihun ciki. Abin da bunsurun ya kawo shi ne iyakarsa, bai da niyyar ƙara ko dala.

Laraba da hantsi ya rufe inji ya shiga mota zuwa Konni.

Layin masu kayan wuta ba ya ɓata, tun daga nesa yake kiran mutum. Kowane shago da kiɗansa, kowa na son ya danne na maƙwabci. Munkaila ya tsaya inda ƙarar ta fi yawa, shagon wani Kamalu, ɗan gaye mai agogo a hannu da carbi a wuya.

"Baba, bisimilla! Mi aka nema?"

"Ampili nike so. Mai ƙarfi."

"Ka zo gidanshi."

Kamalu ya jawo wani baƙin akwati mai fitilu ja da kore da shuɗi suna zagayawa, tare da wata ƙatuwar sifika kamar turmi da ƙanana biyu. A jikin kwalin an rubuta dubu takwas da manyan lambobi. Kamalu ya ce wannan ƙarfinsa ke nan.

To shi Munkaila sau biyu yana sayen injin niƙa a rayuwarsa, kuma bai taɓa sayen rago ba. Ya san yadda ake yi. Ka tambayi ƙarfin doki nawa ne, ka ɗaga ka ji nauyi, a tayar ka ɗora tafin hannu ka ji yadda yake bugawa. Haka ya yi wa ampili. Ya ɗaga babbar sifikar, ya ji ta cika hannu. Ya ce a tayar. Kamalu ya sa wani kiɗa mai ganguna, ya murɗa. Munkaila ya ɗora hannu, abin ya bi ta hannunsa ya shiga ƙirji, har haƙoransa suka amsa. Rabon da ya ji sauti ya cika shi haka har ya manta. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ka ji ko, Baba?" in ji Kamalu da ihu.

"Na ji! Wallahi na ji!"

Aka yi ciniki, bunsuru ya tafi kusan duka. Kamalu ya nuna masa inda zai soka waya ja da fara, aka ɗaure kwali bayan kabukabu zuwa tasha.

Kafin la'asar yana gida. Ya haɗa komai yadda aka nuna masa, ya kunna tele, aka yi sa'a ana labaran Hausa, wani mutum mai tabarau na karantawa. Munkaila ya gyara zama ya murɗa.

Kwanonin jeren Umma ne suka fara amsawa, suka ɗauki kaɗawa a cikin kabad. Murfin wata tasa ya zame ya faɗo. Kajin da ke tsakar gida suka watse, jaririn maƙwabta ya tsala kuka ta bayan katanga. Shi kuwa mai tabarau, muryarsa ta yi kauri ta kumbura, ta koma kamar sa na kuka a cikin rijiya. Munkaila ya matso. Ya juya kunnen hagu. Ya ƙara murɗawa. Ko kalma ɗaya bai tsinta ba.

Ya kashe. Ya zauna yana kallon fitilun nan suna ta zagayensu. A ransa ya ce shi ke nan, in abu mai ƙarfin dubu takwas bai isa kunnen nan ba, kunne ya mutu. Ya tuna tsohon da ya koya masa inji, yadda a ƙarshe sai da hannu ake yi masa magana, jikokinsa na dariya.

Umma ta shigo riƙe da murfin tasarta tana duba inda ya lotsa.

"Malam, wanga abu na masu biki ne ka kwaso muna? Mi mutumin nan ke cewa ma?"

Ya ɗago. "Mi kika ce?"

Ta matso kunnensa. "Na ce mi yake cewa? Ni ban gane komi ba. Da telen ita kaɗai ina jin shi sarai. Da ka sa wanga dodo sai na ji kamar ya cika baki da tuwo."

"Ke ma ba ki ji ba?"

"Ko kaɗan."

"Rantse."

"Kai, Malam! Sai na rantse kan mai tabarau?"

Munkaila ya fashe da dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har da buga cinya. Umma mai jin faɗuwar allura ba ta ji ba! Ashe akwatin ma na da nasa laifin. Ya tashi ya fara naɗe wayoyi.

Alhamis ya sake rufe inji, mata biyu da suka zo da kwanoni suka bi shi da harara har bakin titi. A Konni Kamalu ya ga kwali ya dawo, fuskarsa ta canza.

"Baba, lahiya? Ya lalace?"

"Lahiyarshi lau. Ya kori kaji, ya tada jariri, ya lotsa tasa. Magana ce ba ya yi."

"To ai ba ka ce magana kake so ba! Ka ce mai ƙarfi."

Gaskiyarsa ce, Munkaila bai musa ba. A karo na farko ya buɗe baki ya gaya wa wani bare abin da ke damunsa, a tsaye, cikin hayaniyar kasuwa. Kamalu ya rage kiɗan shagon. Ya ce da ma akwai mai kiɗan biki da ya taya akwatin shekaranjiya, zai kira shi. Ya mayar wa Munkaila kuɗinsa, ya cire ɗan abin da ya ce na kwalin da aka yaga ne, sannan ya nuna masa wani lungu.

"Ka bi nan har ƙarshe, ka tambayi Chindo mai gyara. Kayana sababbi ne, na samari. Irin abin da kake nema sai wajenshi. Amma ka yi haƙuri da bakinshi."

Rumfar Chindo ba ta da kiɗa ko kaɗan. Tsofaffin rediyoyi ne jibge har rufi, da warin dalma, da wani gajeren dattijo mai tabarau ɗaure da zare yana leƙa cikin wani akwati. Sa'an Munkaila ne ko ya girme shi kaɗan. Ya saurari labarin duka bai ɗago ba, sai da aka zo wajen ɗora hannu a ji bugu.

"Tsaya. Hannu ka ɗora?"

"Hannu."

"Da hannu za ka saurari ɗiyar taka?" Ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa. "Mi kake sana'a? Bari, na gani ga girarka. Mai inji, in mace ta dawo ta ce garinta bai yi laushi ba, wuta kake ƙara ma inji?"

"Wane irin wuta? Dutse nike matsewa."

"To mi ya kai ka sayen dubu takwas?"

Munkaila ya sosa ƙeya. "Rubutu na gani."

"Rubutu! Ni ma in ka ba ni alli sai in rubuta dubu goma ga goshina."

Ya tashi ya shiga can ciki, ya fito rungume da wani akwati mai launin toka, na hannu, gefensa ɗaya da ƙujewa, babu fitila ko ɗaya sai ɗan gilashi mai nuna lambobi. Ya ɗora kan tebur, ya ɗauko sifikoki uku: biyu masu tsayi kaɗan, ɗaya kuma kwantacciya mai tsawon kamu biyu.

Ya daki kwantacciyar da yatsa. "Wagga ita ce taka. Ta tsakiya. Aikin ampili na kirki shi ne ya tsame maganar mutane daga cikin kiɗa da hayaniya ya turo ta nan. Sai ka ɗaga ta ita kaɗai, ka rage gangunan. Wancan da ka saya ba shi da ta tsakiya, duk abin da ya samu cikin turmi yake zubawa."

"Na ji an ce sai sifika biyar ko shida."

"Ɗakinka filin ƙwallo ne? Uku sun ishe ka. Akwatin na da wurin sauran, in ka yi arziki ka dawo."

Sai ya juya bayan akwatin ya nuna masa wani ɗan rubutu kusa da wayar wuta. Ya ce duk wanda zai sayi na hannu ya fara duba nan, don akwai waɗanda aka yi domin ƙasashe masu ƙaramar wuta, ɗari da goma, in ka soka su a tamu sai hayaƙi. Wannan ɗari biyu da ashirin ne, irin tamu. Ya ce kuma kada ya kuskura ya haɗa shi babu abin daidaita wuta, ya jawo wani ƙarami daga ƙarƙashin tebur ya ɗora a kai.

"Yanzu bayan dikodarka, akwatin da ke kamo muku tashoshi, waɗanne ramuka gare ta?"

Munkaila bai sani ba. Aka kira Umma, Chindo ya karɓi wayar.

"Hajiya, ina wuni. Ki juya ɗan akwatin da ke ƙarƙashin tele ki gaya mini abin da kika gani."

Muryar Umma ta fito har Munkaila na tsintar kaɗan. "Akwai ja, akwai fari, akwai ɗorawa, da wani mai faɗi kamar bakin kwaɗo. Malam, don Allah kar ka bari ya sake kwaso mai fasa kwanoni."

"Ki kwantar da hankalinki. Bakin kwaɗon nan shi muke so." Ya kashe waya, ya nuna wa Munkaila irinsa a bayan ampili, ya ɗauko wayar da ke shiga ciki.

Munkaila ya miƙa hannu zai ɗora kan sifika. Chindo ya doke hannun.

"Sa shi aljihu. Juya ka ba ni baya."

"Baya kuma?"

"Na lura da kai tun da ka shigo, bakina kake karantawa. Juya. Nan ba kiɗa za mu sa ba. Wanda ya zo sayen magana, da magana ake gwada mishi."

Munkaila ya juya yana kallon lungu, hannuwa cikin aljihu, kamar yaron da aka tsayar gaban allo. Ya ji Chindo na taɓe-taɓe. Sai gunagunin nan da ya sani ya taso, na wani shiri da Chindo ya kamo a telen rumfar. Gunagunin ya fara sirancewa, kaurin na zubewa kaɗan-kaɗan kamar ana tankaɗe. Can sai ga mace, tsaf, kamar tana tsaye bayan kafaɗarsa.

"Mi ta ce?" in ji Chindo.

"Ta ce... a jiƙa irin cikin ruwa kwana guda kafin a shuka."

"Irin mi?"

"Zogale."

"Yanzu fa?"

"Ta ce kar a bari awaki su kai gare shi."

"To juyo, ka ci jarrabawa."

Bai juyo da wuri ba. Ya ɗan tsaya yana share ido da bakin hannun riga, ya ce garin da ke girarsa ne ya faɗa ciki. Chindo ya ce ai kuwa garin Malbaza ya iya tafiya, tun da ya biyo shi har Konni.

Kuɗin bunsuru bai kai yadda Chindo ya so ba, aka ja aka saki, a ƙarshe ya ce ya bari saboda yarinyar, amma da sharaɗin a gaya mata ta zo ta yi shiri kan masu gyaran rediyo. Ya ɗauko farin fenti ya ɗiga a kan maɓallin da Munkaila zai riƙa taɓawa a rimot, ya ce sauran duk haramun ne gare shi. Ya ce ta tsakiyar a ajiye ta daidai ƙarƙashin tele tana kallon inda yake zama, kada Hajiya ta rufe ta da ƙyalle don ado. Da Munkaila ya ɗauki kaya zai tafi, Chindo ya riƙe masa hannu, wannan karon ba da wasa ba.

"Mai inji, akwatin ga ya taimake ka, amma bai warkar da kai ba. Ka je likita ya duba kunnen nan tun da sauran shi."

Munkaila ya ce to, irin to ɗin da ake cewa a wuce.

Lahadi ta zo. Ya kashe inji da azahar, ya yi wanka, ya sa rigar nan. Umma ta shimfiɗa tabarma, ta ɗan janye kabad ɗin kwanoni daga bango don ko da wani abu. Tun ana kiran la'asar yake addu'ar kada a ɗauke wuta, yana idar da salla ya dawo da sauri har ya bar takalmi ɗaya a bakin zaure. Aka yi ɗan kiɗan buɗe shiri, sai ga Humaira tsaye gaban wani injin niƙa, mayafinta ya yi fari-fari da gari.

"Masu kallonmu, assalamu alaikum. Yau shirin namu na gida ne, don ni ɗiyar mai inji ce."

Munkaila ya damƙi hannun Umma. Muryar ta fi yadda yake ji a waya taushi, ta girma, ta natsu, amma can ƙarƙashi yarinyar nan ce mai surutu da ke zama kan buhun dusa tana ba shi labarin lakwal. Umma ta matso kunnensa bisa sabo za ta fara fassara, ya ɗaga mata hannu.

"Bari. Ina ji."

Ya ji komai. Ya ji mai injin farko na kukan tsadar gas, ya ce gaskiyarka. Ya ji na biyu na cewa mata ba su da haƙuri, ya ce kai ne ba ka iya da su ba. Ya ji Humaira ta ce ana wasa dutsen inji sau ɗaya a wata, ya yi tsalle a zaune.

"Kuskure! Umma, riƙe mini wannan!"

Wajen ƙarshe sai ta nuna wata likita, wadda ta ce masu aiki kusa da inji sukan fara rasa siraran sautuka, su ji ƙara amma magana ta gagare su, kuma da yawa sukan ɓoye don kunya. Ta ce a riƙa toshe kunne lokacin aiki, a kuma zo a duba tun da wuri, akwai abin da za a iya yi. Humaira ta juyo ta kalli masu kallo, ta ce, "In kuna da uba mai inji, ku lallashe shi ya je." Umma ta kama gyaran bakin tabarma.

Waya ta yi ƙara.

"Baba, ka gani?"

"Na gani, kuma kin yi kuskure. Wa ya gaya miki sau ɗaya a wata? Da kaka, lokacin da sabon hatsi ya shigo, duk mako nike wasa dutse. Wanda ya gaya miki haka, garinshi tsaki ne. Sannan mutumin nan na biyu, bel ɗin injinshi ya saki, tun daga nan nike jin yana tafi."

Sai ya ji tana jan hanci.

"Humaira? Don na ce kin yi kuskure?"

"A'a, Baba. Yau ka ji ni."

Ya dubi Umma, ta ɗaga hannuwa alamar ba ita ba ce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da Inna ta tahi suna Illela. Na yi shiri kan tsutsar da ta cinye ma mutane albasa, manoma na kuka, na kira ka ka ce madalla, Allah ya ƙara."

Umma ta kwashe da dariya har ta kwanta a tabarma. Munkaila ya rufe fuska da hannu ɗaya, shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa. Wani nauyi da ya yi shekara biyar a kafaɗarsa ya ji ya sauka, har ya yi mamakin yadda ya iya ɗaukarsa.

"To likitar nan, da ni take ko?"

"Da duk mai uban da ya ƙi ji, Baba."

"Ai yanzu na ji. In kin zo hutu ki raka ni." Ya gyara murya. "Kuma akwai wani Chindo a Konni, mai baƙin baki, na yi mishi alkawarin za ki sa shi a tele."

Washegari da safe matan unguwa suka iske Munkaila gaban injinsa da auduga cushe a kunnuwa biyu, fara kamar girarsa. Wadda ke son tsaki-tsaki ta ajiye kwanonta, ta buɗe murya tana tambayar ina ya shiga kwana biyu ya bar su da hatsi a hannu. Ya nuna mata audugar, ya nuna inji, ya yi mata alama da hannu ta jira ya kashe tukuna. Da ya kashe ya zare ta hagu, ya ce, "Yi a hankali, Fati, kunnen nawa ba shi da ƙarfi. Mi kika ce?"